Abin da Almakashi Ya Zubar

Cikin ayyukan da malaman adabi kan ba ɗalibai, a sakandare ko a kwalejin ilimi, akwai wanda nake ƙauna fiye da saura: a ce wa yaro ya nemo littafin da aka mayar da shi fim, ya karanta, ya kalla, sannan ya rubuto abin da ya gani a tsakaninsu. Aiki ne mai albarka, sai dai sau da yawa tun a wajen zaɓe yake lalacewa. Yaro a Rurum Sabon Gari, ko a Kibiya, ko a cikin garin Rano, da zarar an ba shi aikin, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne, wane fim na taɓa gani? Daga nan sai ya shiga neman littafin da zai jingina wa fim ɗin. In ya samu, ya leƙa shafin farko da na ƙarshe. In bai samu ba, ya rubuta labarin fim ɗin ya ce na littafi ne. Malam ya duba ya ba da maki, an rabu ke nan ba tare da yaron ya koyi abin da aka so ya koya ba.

Alhali duk wanda ya taɓa kai ɗinki ya riga ya san sirrin wannan aiki, ko da bai taɓa zama a aji ba. Shiga shagon tela a Rurum idan azumi ya raba tsakiya. Ledojin yadi sun taru a kusurwa har sun kusa kai taga, kowace da 'yar takarda an rubuta sunan mai ita da awonsa. Tela na kan keke, tef rataye a wuya, yaronsa na bakin ƙofa yana hura gawayin dutsen guga. Wani magidanci ya kawo shadda yadi biyar, yana son kaftani da wando. Tela ya warware ta a kan tebur, ya shafe ta da tafin hannu, ya ɗaga ta a haske ya ga inda furenta ya nufa, ya ninka ta biyu, ya ja layi da alli, sannan ya sa almakashi. Daga wannan lokaci shaddar ta tashi daga yadda aka saƙo ta, ta koma yadda idon tela ya gani da yadda jikin mai ita zai ɗauka. An ƙwaƙule wuya, an fitar da hammata, an rage tsawo. Abin da aka fitar yana zubewa ƙarƙashin keke, ƙyalle kan ƙyalle, har la'asar ta yi yara su zo tsinta, mata su yi wa 'yar tsana zane, maza su ɗaure ƙwallon tsumma.

Ranar karɓa, magidanci ya zura riga, ya juya hagu ya juya dama, sai ya ce, "Malam, ba abin da ya ragu? Na so a fitar wa ƙaramin yaron nan ko da 'yar shara ce." Tela ya ce, "Alhaji, ai wuya da hannu sun cinye. Da na bar maka saura, da rigar ta ɗame ka a kafaɗa." Kowannensu na da gaskiyarsa, kuma abin da ya sa maganar ta yiwu shi ne su biyun duka sun ga yadin kafin a yanka shi.

Marubuci masaƙi ne, mai shirya fim kuwa tela. Mutanen ƙasar Rano ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan, tunda a labarin Hausa Bakwai, da aka raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Kano da Rano aka ba sarautar baba, wato rini da harkar tufa. Littafi yakan zo da faɗinsa da tsawonsa: abin da mutum ke saƙawa a zuci, tarihin kakanninsa, tafiyar wata uku a cikin jimla ɗaya. Fim kuwa awa biyu gare shi ko kusa da haka, sai kuɗin da furodusa ya iya haɗawa, sai fuskokin 'yan wasan da aka samu. Yanka ya zama dole. Abin da ake so daga ɗalibi shi ne ya tsuguna ƙarƙashin keken ya tsinci ƙyallayen, ya ce wannan daga nan aka cire shi, ga dalilin da nake zaton ya sa, ga kuma abin da cirewarsa ta yi wa labarin. Wanda bai ga yadi ba, iyakarsa ya ce riga ta yi kyau ko ba ta yi ba, kuma wannan ko ɗan kallo a bakin shago zai iya faɗa.

In ana lissafin littattafan Hausa da aka mayar fim, Shaihu Umar ne babban yaya. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana malamin makaranta, don gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Siririn littafi ne, mai himma zai gama shi tsakanin azahar da lisha. Amma dubi abin da aka naɗe a cikinsa. Wani shaihin malami ne a Rauta, kusa da Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya warware musu: haihuwarsa a Kagara, makircin fada da ya yi sanadin korar Makau mijin uwarsa, yadda aka sace shi yana ƙarami, yadda ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim ya haye Sahara da shi zuwa Misira ya yi karatu, da uwarsa da ta bi sawunsa har ita ma aka bautar da ita, ba su gana ba sai a Tarabulus, kwananta ya kusa ƙarewa.

Wannan yadi sau biyu aka ɗinka shi. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan kwaikwayo na dandali, aka buga a 1975. Sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, fim mai tsawon fiye da awa biyu, Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihun, aka kuma nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Legas. Ɗalibin da ya haɗa ukun nan a gabansa ya samu aikin da zai cika masa takarda ba tare da ya yi ƙarya ko kalma ɗaya ba. A littafi muryar Shaihu muke ji kusan tun daga farko, shi ke ba da labari har da abin da ya faru ba a gabansa ba, kamar wahalar da uwarsa ta sha a hanya. To kyamara fa, idon wa ta ara? Guguwar rairayin da ta binne ayari a hamada, marubuci da 'yan layuka ya gama da ita, alƙalami bai ci masa ko kwabo ba. Mai fim kuwa sai ya nemo raƙuma da mutane da rairayi, ko ya nemi dabarar da zai sa mu ji guguwar ba tare da ya nuna ta duka ba. Akwai kuma tambayar da ta fi waɗannan nauyi. Littafin an rubuta shi ne Turawa na mulki, tsofaffin da suka ga cinikin bayi da idonsu suna raye. Fim ɗin an yi shi shekara goma bayan kashe marubucin a Janairun 1966, ƙasa ta fito daga yaƙin basasa tana neman abin da za ta nuna wa duniya. Shin bautar da aka nuna a 1976 ita ce wadda aka rubuta a 1933, ko an sassauta, ko an ƙara mata zafi? Yaron da ya bi wannan tambaya da gaske ya yi abin da ɗalibin jami'a zai yi alfahari da shi.

Sai dai a nan ne maganar ta zo da ciwo. Fim ɗin Shaihu Umar ya yi shekaru da yawa ba a ganinsa, har aka ɗauka ya ɓace. Sai a 2016 aka gano faya-fayensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta ƙasar Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Barlin a 2018. Wato mutumin Barlin ya zauna ya kalli fim ɗin Hausa da yawancin malaman Hausa na ƙasar Kano ba su taɓa gani ba. Don haka nake ce wa kowane ɗalibi, kada ka rubuta sunan littafi a takardar malam sai ka riƙe littafin a hannunka, ka kuma ga fim ɗin ya buɗe a waya daga farko har ƙarshe. Guntun minti uku da wani ya ɗora a YouTube ba riga ba ce, hannun riga ne.

Wannan sharaɗi ya fi nauyi a Rurum fiye da a birni, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. Fim a nan yana zuwa ne ta wajen masu turawa a memori, ko ta data in sabis ya yi kyau, kuma abin da masu turawa ke ajiyewa shi ne abin da ake tambaya: sababbin fina-finai masu dogon zango, da na Indiya da aka fassara. Tsofaffin fina-finan shekarun 1990, waɗanda aka riƙa sayar da kaset ɗinsu a Ƙofar Wambai, sai an tona. Wasu suna YouTube, hoton ya dusashe, sautin na rawa, amma suna kalluwa. Littafi kuma sai a tambayi tsohon malamin firamare, ko yayar da ta yi zamanin karance-karance ta adana nata a ƙasan akwati, ko a ba direban motar Kano sallahu ya duba wajen masu littattafai a kasuwar Sabon Gari. Littattafan kamfanin NNPC na Zariya sun fi sauƙin samu saboda makarantu. Mako guda da yaro zai ɓata yana wannan cigiya ba asara ba ce, ita ce rabin aikin, kuma a cikinta zai gane waɗanne gidaje ne a garinsu ake ajiye littafi.

In an samu biyun, littafi za a fara. Ban yarda da sassauci a nan ba. Fuskar ɗan wasa tana da ƙarfin da kalma ba ta da shi, in ta riga ta shiga ido ba ta fita. Wanda ya kalli Things Fall Apart da gidan talabijin na NTA ya yi a 1987 kafin ya karanta littafin Chinua Achebe na 1958, har abada Okonkwo a wurinsa Pete Edochie ne, da gemunsa da muryarsa. Ba laifin Edochie ba ne, ƙwarewarsa ce ta jawo. Amma an ƙwace wa yaron damar ya gina nasa Okonkwon a zuci, kuma in babu nasa, da me zai gwada na allo? Haka mutanenmu da suka tashi da wasan Magana Jari Ce na NTA Kaduna, da su marigayi Kasimu Yero a ciki, in sun buɗe littafin muryoyin talabijin suke ji.

Tela ba yanka kaɗai yake yi ba, yana kuma ƙari. Babu yadin da ke zuwa da aiki a wuya. Aska biyu ko aska takwas, mai ɗinki ne ke ɗora su, da zaren da ba na yadin ba. A fim ɗin Hausa babban aikin wuya shi ne waƙa. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, musamman bayan Sangaya ta 1999, waƙa da rawa irin na fina-finan Indiya suka zama abin da ke sayar da kaset. Littafi ba ya rera waƙa, ko da an rubuta baiti a ciki. To idan ɗalibi ya ga an tsayar da labari an shiga lambu ana waƙa, kada ya tsallake, kada kuma ya yi saurin cewa an ɓata littafi. Ya koma shafin da abin ya dace da shi. Sau da yawa zai tarar a nan ne marubuci ya shiga zuciyar yarinya ya yi shafi biyu yana faɗin abin da kunya ba za ta bar ta ta furta a gaban saurayi ba. Mai fim ba shi da hanyar shiga zuciya, sai ya sa waƙa ta ɗauki nauyin. Wani lokaci aikin yana zama daram a kan rigar, wani lokaci ya fi ƙarfin yadin har wuya ya riƙa rinjaya. Rarrabe waɗannan biyun shi ne ido, kuma shi ake so yaro ya samu.

Akwai inda masaƙin da kansa ya hau keke. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, labarin Sumayya 'yar masu hali da Muhammad talaka, wanda ya karaɗe ƙasar Hausa har aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan wurin da Sumayya ta faɗa rijiya don gudun auren dole. A 1994 shi da kansa ya tsaya aka mayar da shi fim. Wannan zaɓi ne mai daɗi ga ɗalibi, domin ba za a ce wani baƙo ne ya zo ya yi wa labarin ɓarna ba. Duk abin da aka cire, da sanin mai shi aka cire. Tambaya sai ta koma, me mutum ke yarda ya zubar daga abin da ya saƙa da hannunsa, me kuma yake riƙewa ko ana ha-maza-ha-mata? Kuma rijiyar nan da aka yi ta surutu a kanta, yaya ta fito a allo, inda uwa da 'ya za su zauna su kalla tare, ba kamar littafi da yarinya ke karantawa ita kaɗai a ɗaki ba?

Ga 'yan mata, da ma samarin da ke son su fahimci gidan da suka fito, ina yawan nuna Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, kamfanin FILAPS ya yi fim ɗinsa a 1998, daga baya Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Labarin Rabi ne, wadda Alhaji Abdu ya kora da 'ya'yanta tara bayan ya auro Delu, ta koma sayar da abinci tana riƙon gida. Babu unguwar da ba a san irin wannan gida ba. Wata 'yar yayata da ta ɗauki wannan littafi, na same ta a tsakar gida bayan magariba, ta jingina waya da gwangwanin madara, littafin rubutu a cinya ta ja layi ta raba shafi biyu, dama na littafi, hagu na fim. Ta kalli kaɗan, ta danna ta tsayar, ta buɗe littafin inda ta sa tsinken tsintsiya, ta rubuta lambar shafi a dama, ta rubuta minti a hagu. Can ta ɗago ta ce, "Kawu, a littafin ana gaya mini abin da ke ran Rabi. A nan kuwa sai dai in kalli fuskarta in yi tsammani." Na ce, "To, 'yata, rubuta wannan yadda kika faɗe shi, kada ki canja ko kalma." Abin da manyan masana ke cika littattafai a kansa ke nan, ta gano shi da kanta don ta ga yadi ta ga riga.

Tela kuma da awon jikin wani yake yanka, ba da son ransa kaɗai ba. Jikin da ake auna wa fim shi ne masu kallo, da masu zuba kuɗi, da hukuma. A Kano an kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, kuma tun daga lokacin duk mai shirya fim da ita a ransa yake yanka. Abin da marubuciya za ta iya bayyanawa a takarda game da zaman miji da mata, ko zagin da kishiya ke yi wa kishiya, ba duka ne zai hau allo ba. Ba mu kaɗai ba ne. Half of a Yellow Sun na Chimamanda Ngozi Adichie, wanda ya fito a 2006, Biyi Bandele ya yi fim ɗinsa a 2013, amma hukumar tace fina-finai ta tarayya ta jinkirta nuna shi a Najeriya har cikin 2014, saboda abin da ya taɓo na rikicin 1966 da yaƙin Biyafara. A fim ɗin kuma an ture Ugwu, yaron gida, gefe, alhali a littafi da idonsa muke ganin kaso mai yawa na labarin. Aka bar 'yan'uwa biyu mata, Olanna da Kainene, a tsakiya. Ƙyalle ne babba wannan, kusan rabin yadi, kuma ɗalibin kwaleji da Turancinsa ya nuna zai iya gina aikinsa duka a kansa. Ga ɗan sakandare dai littafin ya yi kauri, abin da ke cikinsa kuma ya yi nauyi, gara ya jira.

Wani lokaci mai yadi kan ƙi karɓar ɗinki. Wole Soyinka ya fito da kansa a matsayin Kongi a fim ɗin Kongi's Harvest da Ossie Davis ya ba da umarni a 1970, amma da ya ga yadda aka haɗa shi, sai ya nesanta kansa da shi a bainar jama'a. Na kawo wannan ne don yaro ya san ba rashin kunya ba ne ya ce fim bai yi wa littafi adalci ba, muddin zai nuna shafi ya nuna minti.

Akwai rami guda da ya kamata a yi hattara da shi, wato suna. Turmin Danya sunan littafin Sulaiman Ibrahim Katsina ne na 1982, kuma sunan fim ɗin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin farkon fina-finan bidiyo na Hausa. Amma labarin fim ɗin Aminu Hassan Yakasai ne ya rubuta shi. Hausa na da karin magana da yawa, marubuta da masu fim kuma duk a rumbu ɗaya suke ɗibar suna, don haka haɗuwar suna ba ta tabbatar da haɗuwar labari. A duba rubutun farkon fim ko na ƙarshensa, a ga ko an ambaci littafi da marubucinsa. Ɗaya ramin kuma shi ne na intanet. Yaro ya ɗauki wani shahararren littafin Ingila ko Amurka da bai taɓa gani ba, ya kwafo abin da wani ya rubuta a kansa, ya miƙa. Rigar gwanjo ce, an ɗinka ta da awon wani, kuma malamin da ya san ɗalibinsa daga nesa zai hango kafaɗar ta zubo. Ba na hana littafin waje. Wanda ya samu The Boy Who Harnessed the Wind, labarin William Kamkwamba na ƙasar Malawi da ya haɗa injin iska da tarkace don ya samar wa gidansu lantarki, da fim ɗin da Chiwetel Ejiofor ya yi a 2019, ya ɗauka da hannu biyu, domin ɗan manomin da ya san fari da tsadar hatsi da korar yaro daga makaranta saboda kuɗi zai fahimce shi fiye da ɗan birni. Sharaɗin dai bai canja ba, a karanta, a kalla.

Wasu malamai, musamman masu kishin littafi, suna koya wa yara cewa duk inda fim ya saɓa wa littafi cin amana ne. Ina ganin wannan kuskure ne, kuma Abubakar Imam ne shaidata. Magana Jari Ce, da ya fito kashi uku a ƙarshen shekarun 1930, yawancin labaransa daga wasu wurare aka ɗebo su, daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamus, da na Indiya da Farisa. Imam ya yanka, ya rage, ya ƙara, ya sa su a bakin aku yana ɗauke hankalin Musa ɗan Sarki Abdurrahman, har suka zauna a jikin Bahaushe kamar don shi aka saƙa su. Ba wanda ya ce ya ci amanar kowa. Da NTA ta zo ta mayar da su wasan talabijin, ɗinki ne a kan ɗinki. Ga ɗan ƙaramin aji ma wannan ne zaɓin da ya fi sauƙi: ya ɗauki labari ɗaya tak daga cikin littafin, in ya samu wasansa, ya gwada su. Labari ɗaya da aka bi diddiginsa ya fi littafi mai shafi ɗari huɗu da aka yi wa kallon tsoro.

Saura malamai da hukumomi, domin yaro ba zai zaɓi abin da ba a kawo kusa da shi ba. Malamin da zai ba da wannan aiki ya fara tara littafi huɗu ko biyar da ya tabbatar akwai fim ɗinsu, ya tura fina-finan a memori ɗaya, yara su riƙa karɓa bi da bi, kuma in ya zo ba da maki ya fifita wanda ya kawo ƙyalle ɗaya ya yi bayaninsa a kan wanda ya cika shafi goma da maimaita labari. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda yara da yawa suka karanta a aji, Brendan Shehu ya yi fim ɗinsa a farkon shekarun 1990 a ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, hukumar da Shaihu Umar ma ke hannunta. Da kuɗin jama'a aka yi su, da Hausa aka yi su. Hedikwatar hukumar tana Jos, ba a bayan duniya ba. Abin da ake bukata shi ne shugabannin makarantun Rano da Kibiya su haɗu su rubuta takarda ta hannun ma'aikatar ilimi ta jiha, a nemi kwafi da izinin nunawa, a samo majigi da janareto da farin bango, a tara 'yan aji biyar da aji shida a ce musu su zo da littattafansu.